Shekarar da Gasa Ta Bar Falon Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ba ta iya dafa abincin mutum ɗaya ba. Wannan ba zagi ba ne, ita ma ta sani. Ta yi ƙuruciyarta da girmanta a kicin ɗin asibiti, tana juya tukunyar da sai an taka kujera ake leƙa cikinta, har ta yi ritaya hannunta bai koyi ɗibar shinkafa da kofi ba. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gidan waya ne, ya gina gida mai ɗakuna da yawa yana sa ran tara zuri'a. Allah ya ba su uku, ukun kuma suka girma suka watse, kowa da garin da aiki ya kai shi. Sai aka bar Gwaggo da falo mai faɗi, da manyan tukwane, da maƙwabtan da suka gaji da karɓar ragowa.

Ni kuwa malamar kimiyya ce a wata sakandare can nesa da garinta, kuma ni aka ɗora wa kulob ɗin masu haɗa mutum-mutumi, don ranar da aka raba ayyuka na tafi cire haƙori. Kada ka ji an ce mutum-mutumi ka zaci wani abu ne mai kai da ƙafa. Namu kamar kwalin takalmi yake, ga tayoyi, ga batir, ga wayoyi cirko-cirko, da wani ɗan ido a ƙarƙashinsa da yake ganin baƙin layi. Aikinsa ke nan: a manna layi mai lanƙwasa a ƙasa, ya bi shi, ya tura ɗan katako zuwa inda aka ce, ba tare da kowa ya sa masa hannu ba. Wanda ya riga gamawa shi ne gwani.

Gasar ana yin ta ne shiyya-shiyya, kowace makaranta ta zaɓi inda za ta je. Makarantun masu hali sai su zauna su duba inda abokan karawa suka fi rauni, su nufi can. Mu tambayarmu ɗaya ce tun farko: ina muke da dangi? Kuɗin rajista makaranta za ta daure ta biya, kuɗin mota iyaye za su haɗa suna ƙunƙuni, amma masauki da abincin kwana biyu, wannan ko a mafarki. Shekarar farko shugaban makarantarmu ya baza taswira a kan tebur yana nuna garuruwa da biro. Wannan fa? Mataimakinsa yana da ƙane a can, amma ɗaki ɗaya ne. Wancan fa? Akawu yana da suruki, amma ba sa ga maciji. Da biron ya sauka a garin Gwaggo, wanda ya fi duk sauran nisa, sai bakina ya riga hankalina.

“Ina da gwaggo a nan.”

“Gidan da faɗi?”

“Da faɗi, ranka ya daɗe.”

“To ashe nan ce shiyyarmu,” in ji shi, ya naɗe taswirarsa.

Da na kira ta a waya na faɗa mata, ta yi ta sababi. “Wato ke 'yar nan, kin rasa inda za ki mayar tashar mota sai gidana? Yara nawa ne? Suna cin yaji? Ni fa ba na son hayaniya.” Muka yi tafiyar yini guda a mota, muka iso da yamma a galabaice, sai ga sabbin katifu jere a falo, ledarsu ma ba a cire ba, ƙamshin miya kuwa tun daga bakin layi. Ana so ana kaiwa kasuwa.

Daga wannan shekarar gidan Gwaggo ya zama ɗakin gwajinmu, kuma tana da dokokinta. Ba a shiga falo da takalmi, kuma dokar ta hau kan mutum-mutumin, sai an goge masa tayoyi da tsumma kafin ya taka tayil ɗinta. In abinci ya sauka, ko ana tsakiyar rubuta masa umarni a kwamfuta, sai a rufe, don ita a wurinta babu lissafin da ya kai abinci ya huce. Ita ce ta sa masa suna. Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon yadda yake rarrafe a kan layi, ta ce, “Wannan kunkurun ne kuka ɗauko tun daga can? To, sannu ba ta hana zuwa.” Shi ke nan, ya zama Kunkuru, har a takardar rajista.

Akwai shekarar da ta kusa sa ni kuka. Yaran sun sha wahala sun manna baƙin salatif a falo, sun fitar da kowace lanƙwasa daidai da wadda za a yi a zauren gasa. Da safe muka tashi muka tarar da layin a miƙe sambal, daga ƙofa har gindin talabijin. Gwaggo tana gefe tana matse tsumma, fuskarta cike da jin daɗi.

“Na ga layinku duk a karkace, na ce yara ne, gajiya ce. Na gyara muku shi. Ku gwada ku gani, yanzu ba zai sha wuya ba.”

Kaftin, yarinyar da ke jagorantar tawagar, ta kalle ni. Me za ka ce wa wadda ta durƙusa da ciwon gwiwa ta ɓamɓare salatif don ta taimake ka? Muka ce mun gode. Ranar Kunkuru ya yi gudun da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, Gwaggo tana tafa masa.

Ba mu taɓa ɗauko kofi ba, gara in faɗa tun yanzu. Muna dai komawa gida da takardar shaidar halarta da kumatu. Gwaggo kuma ba ta taɓa taka zauren gasar ba, ko da yake daga gidanta ana hango rufinsa. Wa zai tsaya a kan tukunya? Tana sallamar mu da safe da kuloli, ta tare mu da yamma a bakin ƙofa, ta saurari labarin yadda aka doke mu tana zuba ƙari. A ganinta duk alƙalan nan ba su karya kumallo ba ne, shi ya sa suke ganin laifin Kunkuru. Tsakanin wannan gasa da waccan kuwa, duk kiran da za ta yi mini, ƙarshensa ɗaya ne: “Yaushe ne abin naku? Ba wai ina jira ba ne, in dai san ranar da zan rasa barci.”

Sai bana labari ya zo cewa an buɗe sabuwar shiyya, kuma a garinmu za a yi, a zauren wata kwaleji da ko da ƙafa za mu iya zuwa. Shugaba ya kira ni ofis, wannan karon ko taswira bai ɗauko ba. Babu kuɗin mota, babu tafiyar yini, abin da iyaye suka saba haɗawa sai a saya wa Kunkuru sabbin tayoyi da batir. Na ce a tambayi yaran, ina fatan cikinsu zai yi musu jagora. Ya so ya yi ɗin, don an jima ana ambaton miyar Gwaggo. Amma Kaftin ta miƙe ta ce ƙananan 'yan kulob kullum su ake bari a baya saboda kujerun mota, suna aikin shekara ba su taɓa ganin gasa da idonsu ba. Ta ce ita ma mahaifinta har yau yana zaton wasan yara take yi. Gaskiya ta faɗa, kowa ya sani. Hannuwa suka tashi, nawa ma ya tashi, zuciyata tana can falon Gwaggo.

Na daɗe ina juya wayar kafin in kira.

“Madalla!” in ji Gwaggo. “Na huta. Da ma gwiwar nan ta dame ni. Allah ya raka taki gona.”

Ta kashe. Ban gama ajiye wayar ba ta sake kira.

“Wannan zauren naku, akwai wuta kuwa? Na ji an ce garinku kullum a duhu kuke.”

Washegari ta kira ta ce ta ji daɓen zauren duk ramuka ne, ta ina ta ji oho. Jibi ta ce yaro ba ya ilimi sai ya yi tafiya. Da ta ga ban motsa ba, sai ta tsallake ni ta nemi lambar Shugaba. Shi ya ba ni labari yana share hawayen dariya. Wai ta ce in kuɗin mota ne matsalar, maƙwabcinta yana da babbar mota da yake kai buhunan siminti wajenmu yana komawa wayam, a zuba yaran a baya, ita za ta aiko da tabarmi. Da ya ce dokar makaranta ba ta yarda ba, ta ce to a turo rabi, rabi su tsaya. Da ya ce Kunkuru ɗaya ne, ta ce ai ba shi ke cin abincin ba.

Na yi dariya tare da shi, amma da na fito sai da na tsaya a baranda. Na san gidan nan. Na san yadda yake in an kashe rediyo.

Daga nan ta yi shiru, shirun da ya fi kiran tayar mini da hankali. Ranar gasa da sassafe, ina ɗaura ɗankwali maigidana yana neman makullin babur, sai muka ji ƙugin mota a ƙofar gida. Na leƙa. Motar haya ce, ta lotsa ta baya, a samanta an ɗaure katifu da igiya har sun fi motar tsayi. Direban ya fito yana miƙa kamar wanda aka sako daga kurkuku. Ta ɗaya ƙofar Gwaggo ta sauko, da ludayinta a leƙe daga jaka.

“Ku tsaya kuna kallona,” ta ce. “Ɗana, zo ka kama tukunyar nan. Ke kuma, ina yaran za su kwana?”

“A gidajensu, Gwaggo.”

“Gidajensu?”

“Ai garinsu ne. Kowa zai koma wurin uwarsa.”

Ta kalli katifun, ta kalle ni. Wallahi duk lissafinta bai kawo nan ba. Ita a saninta gasa ita ce yara a falo, in gasar ta tashi daga garinta to falon ne ya kamata ya bi ta. Sai ta gyara mayafi ta ce da direban, “To me kake jira? Sauke. Iska na kawo su sha.”

Haka muka jibge katifu a ɗan falona har suka toshe taga, muka tafi da ita zauren, tunda babu tukunya a kan wuta da za ta tsare. Yaran da suka hango ta suka yo kanta da gudu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana taɓa kumatu tana cewa duk sun rame. Aka ba ta kujera a sahun gaba. Gwaggo ba 'yar kallo ba ce mai shiru. Da ta ga layin da aka manna a tsakiyar zaure ta dafa ni ta ce, “Ashe su ma nasu a karkace yake.” Da aka saki Kunkuru ta miƙe tsaye tana yi masa kirari, da ya tsaya yana dube-dube a wata kwana ta daka masa tsawar da ta sa alƙali ya yar da usur. Ko tsawar ce ko sabbin tayoyin ne, ya dai wuce. Muka tsallake zuwa rana ta biyu, mahaifin Kaftin yana ta ɗaukar hoto da waya a juye.

Da aka tashi hutun rana, iyaye suka baje da kulolinsu, kowa yana ɗura wa nasa. Gwaggo ta zauna da hannuwa a cinya tana kallo. Wata uwa ta kawo mata faranti, ta karɓa ta yi godiya, ta ɗanɗana, ta ce da ni a hankali gishiri bai ji ba. Na juya in amsa wa wani alƙali tambaya, da na waiwayo kujerar wayam.

A bayan zaure na same ta, inda ake ajiye motoci. Wata tsohuwar bas ce a ƙarƙashin bishiya, ƙura ta rufe ta har ba a gane launinta, yara suna zaune a inuwarta suna yagar burodi suna korawa da ruwa. Gwaggo ta tsare malaminsu, wani dogo mai tabarau, tana yi masa tambayoyi irin na 'yan sanda.

“Daga ina?”

Ya faɗa. Nisan ya fi namu da garinta.

“Me ya kawo ku nan, babu ta kusa da ku?”

“Akwai, Mama, amma rajistar can ta fi ƙarfinmu. Nan ce mai sauƙi, sai dai mai ya cinye sauran.”

“Kuna da dangi a garin nan?”

“Babu.”

“To ina za ku kwana?”

Ya nuna bas ɗin da haɓa, yana murmushin jin kunya. Ya ce 'yan matan za su kwanta a kujeru, mazan a ƙasa, shi da direba su zauna a gaba, ai dare ɗaya ne.

Na ga fuskar Gwaggo ta washe kamar an maido da wuta. Na san abin da ke tafe, na fara ja da baya, amma ta riga ta cafke mini hannu.

“Ga 'yata nan, gidanta babba ne.”

“Gwaggo, ɗaki biyu ne da falo,” na ce ƙasa-ƙasa.

“Kin ga uku ke nan.”

“Kuma da su za mu kara gobe.”

“To sai ku kara da yunwa? In kun doke wanda ya kwana a mota, me kuka doka?”

Abin nema ya samu. Kafin la'asar ta tura maigidana kasuwa sau ba adadi, a dawowarsa ta ƙarshe ta miƙa masa bargo ta ce ya je gidan abokinsa, ɗakin an ba 'yan mata. Bawan Allah ya tsaya a tsakar gidansa yana kallon baƙin yara suna layin wanka, ya ce, “Gwaggo, ko buroshina in ɗauka?” Ta ce ya yi sauri. Rishona ya yi mata kaɗan, ta aika aka aro na maƙwabta biyu. Tukunyar asibiti ta hau, unguwa ta ɗauki ƙamshi. Aka shimfiɗa katifu daga falo har baranda, aka goge wa mutum-mutumin baƙi tayoyi da tsummana, aka manna salatif a ɗan filin da ya rage tsakanin kujera da firji. Gwaggo ta zo wucewa da tire, ta tsaya a kan layin, ta dube shi da kyau, ta tsallake.

Labari ya kai wa yarana, sai ga su sun zo wai gaishe ta, kowa da cokali a aljihu. Kaftin ta ga wayar idon mutum-mutumin baƙin ta tsinke, ta kalle ni, na kalli silin, ta ciro abin liƙe waya daga jakarta ta miƙa musu. Gwaggo tana tsakiya tana rabo tana faɗa, wannan bai wanke hannu ba, wancan ya zubar da miya, ita fa an hana ta hutawa, da ta sani da ba ta zo ba. Muryarta har bakin titi.

Washegari suka doke mu. Ba da tazara mai yawa ba, amma sun doke mu, da cikinsu cike da shinkafarmu da wayar da Kaftin ta liƙa musu. Shugaba ya dube ni ta saman tabarau ya ce ya ji labarin karamcina. Gwaggo kuwa ta tafa wa kowane ɓangare daidai wa daida, ta ce wannan karon alƙalan sun karya.

Da rana bas ɗinsu ta tsaya a ƙofar gidana suka kwashi jakunkuna. Ta cusa musu kuloli ta taga, ta karɓi lambar malamin, ta ce masa baɗi kada ya kuskura ya nemi wata shiyya, nan ce tasu, ita za ta riga su isowa. Ba ta tambaye ni ba, ba ta tambayi mai gidan ba, wanda ke tsaye a gefe da bargonsa a kafaɗa. Ta tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana, ta ƙara tsayawa kaɗan.

Muka koma ciki. Falon ya yi tsit, ga katifu a baje, ga ɓawon lemo a ƙarƙashin kujera. Na sunkuya na kama gefen ɗaya zan naɗe.

“Bar su,” in ji Gwaggo.

“In share ne, Gwaggo, ko hanyar wucewa babu.”

“Na ce ki bar su.” Ta zauna a bakin wata katifa a hankali, tana dafe da gwiwa, ba ta kalle ni ba. “Ni in kun tafi ba na naɗewa ranar. Nakan bar su a falo, in riƙa ratsawa ta tsakaninsu ina faɗa ni kaɗai, har sai warin ƙafafunku ya fita daga ɗakin. Sannan nake yarda kun tafi.”

Duk shekarun nan ina zuwa ina komawa, ban taɓa tambayar yadda gidan yake kwana bayanmu ba. Na saki katifar, na zauna kusa da ita. Maigidana ya leƙo daga ƙofa zai yi magana, ya ga fuskokinmu, ya gyara bargonsa ya koma gidan abokinsa.